Suga ya faɗi da asuba, aka ba ta lemo ya dawo. Sai an gaya wa likita?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu na sauka daga aikin dare, barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ce bari in kawo muku wannan magana. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a arewacin Ingila akwai wata tsohuwa, shekarunta sun haura tamanin, tana da ciwon suga ga kuma mantuwar tsufa. Wajen biyar da rabi na asuba na shiga in juya ta, sai na ga ba yadda na saba ganinta ba. Mace ce mai faɗa, ko tsakar dare ka taɓa ta sai ta wanke ka tas. Yau ido kawai take bina da shi, jikinta ya yi sanyi, wuyan rigarta ya jiƙe. Na kira nas ɗin da ke bakin aiki, wadda aka aro daga ejansi, ta gwada suga, 3.1, alhali duk abin da ya yi ƙasa da 4 faɗuwar suga ce. Aka ba ta lemon kwali, bayan minti goma sha biyar ya kai 4.6, aka ba ta burodi. Na ce ba za a kira likita ba? Ta ce tunda ya dawo ai shi ke nan.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da na leƙa takardar awon, cikin kwana tara sau uku ke nan ana samunsa ƙasa da 4 da safe: 3.8, 3.6, yau 3.1. Kowa ya rubuta ya sa hannu, amma babu inda aka ce an sanar da GP, wato likitan unguwa da ke duba ta. Ni ba nas ba ce, mai kula ce kawai. In je wurin manaja ko in kama bakina?

Admin: Wa alaikumus salam Maman Iman, sannu da aiki. Tunatarwa ga kowa kafin a ci gaba: ban da sunan gida, ban da sunan mara lafiya, ban da hoton takarda ko da an rufe sunan.

Malam Auwal: Ƙanwata, ni dai shawarata ki bi a hankali. Kin yi naki, kin ga canji kin kira nas. Hukuncin kiran likita a wuyan nas yake, ita ke da lasisi. Ke kuma bizarki a hannun gidan nan take. Na ga waɗanda suka cika kai ƙara aka fara rage musu awanni, ba a kore su ba amma an matse su har suka gaji.

Sista Rabi: Malam Auwal, na san tsoron da kake nufi kuma gaskiya ne, amma ban yarda da kai ba. Maman Iman, wane magani take sha, kuma yaya cin abincinta a 'yan kwanakin nan?

Maman Iman: Gliclazide safe da yamma, sai metformin. Abinci kam ba ta ci sosai, Sista. Haƙoran robarta sun yi mata yawa tun da ta rame, abincin dare cokali uku huɗu take yi ta ture faranti.

Sista Rabi: To ai ga amsar nan a fili. Gliclazide aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. An ba ta na yamma, ta ture faranti, ta kwana maganin na aiki a cikin da babu komai. Ga tsufa, ƙoda ba ta tace magani kamar da, sai ya daɗe a jiki. Irin wannan faɗuwar ba ta ƙarewa da kofin lemo ɗaya, tana iya dawowa bayan 'yan awanni. Lemon ya fitar da ita daga ramin na yau ne kawai, maganin da ya jefa ta yana nan a kan kati, kuma yau da yamma za a sake ba ta. Wanda zai iya rage shi ko ya tsayar da shi likita ne, ko nas mai izinin rubuta magani. Idan ba a gaya musu ba ta ina za su sani? GP ba ya zuwa ya buɗe takardar awonku da kansa kullum.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, abin da na fi gani ke nan. Ba a fasa gwaji, ba a fasa rubutu. Lambar ce take kwanciya a takarda babu mai ɗaukarta ya kai gaba.

Anti Hadiza: Ku tsaya, 3.1 kuma? Da na fara karantawa gabana ya faɗi, na manta ku da ma'aunin mmol kuke awon suga. Mu nan Amurka mg ne, sai an ninka da 18. Wato 56 ke nan. Ƙasa da 70 mu suga ya faɗi, ƙasa da 54 kuma mataki na biyu ne mai haɗari, kun ga saura ƙiris ta kai.

A nan ba ma zancen ra'ayin nas ba ne. Dokar tarayya ta gidajen jinya ta ce idan an sami babban canji a lafiyar mazaunin gida, ko ana buƙatar sauya magani, dole a tuntuɓi likitansa nan take kuma a sanar da wakilinsa. Masu bincike idan sun zo suna da lambar da suke rubuta wannan laifin da ita, F580, duk nas ɗin gidan tsofaffi ta san ta. Za su ɗauki takardar suga su bi layi layi, duk inda lamba ta fita daga iyakar da likita ya sa, sai su nemi inda aka rubuta an kira shi, ƙarfe nawa, me ya ce. Ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka, ADA, ta ba da ma'auni ga irin gidajenmu: ƙasa da 70 a yi magani a kira nan take. Tsakanin 70 da 100 ma a sanar da wuri, don wataƙila magani ya yi yawa. Ta ɓangaren hawan suga kuma, a sanar idan yana ta wuce 250 cikin awa 24, ko yana wuce 300 kwana biyu a jere, ko inji ya kasa karantawa, ko mutum na amai ko ya daina ci.

Malam Auwal: Anti Hadiza, naku daban. Ku likitan gida yana da lambar da ake samunsa dare da rana. Mu nan da asuba GP a rufe yake, sai 111, layin neman shawarar lafiya ta waya, ka riƙe waya minti arba'in ga mutum talatin suna jiranka a wanke su. Idan an buɗe da ƙarfe takwas kuma sai ka wuce ta hannun mai karɓar waya. Wani likitan idan ka samu ma sai ya ce to yanzu nawa ne? Ka ce 5.8. Ya ce to me kake so in yi? Sau biyu aka yi wa nas ɗinmu haka ta daina kira.

Dokta Sani: Salam. Malam Auwal bai yi ƙarya ba, akwai abokan aikinmu masu irin wannan amsar, kuma ba daidai ba ne. Amma bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu. Idan aka ce min suga ya faɗi amma ya dawo, labari ɗaya na ji, ga layi na jira. Idan aka ce min tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, tana kan gliclazide sau biyu a rana, sau uku cikin kwana tara ana samunta ƙasa da 4 da asuba, na yau 3.1 har ta daina magana, ta rame kuma ba ta cin abincin dare, muna so a duba maganinta yau kafin a ba ta na yamma, wallahi babu likitan da zai ajiye wannan wayar. Tsarin SBAR da ake koya muku ke nan: me ya faru, me ke bayansa, me kika gani, me kike nema. Jimla ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa.

Ba zan ce ga abin da za a yi wa wannan baiwar Allah ba tunda ban gan ta ba. Abin da zan ce shi ne likitanta ya kamata ya ji yau, ba ranar zagayen mako ba. Da asubar nan ma da an kira 111 ba a yi laifi ba.

Sista Rabi: Kuma abin da ya sa nas ɗin ejansi ta yi abin da ta yi, ina kyautata zaton babu iyaka a rubuce a fayil ɗin matar. Maman Iman, kin taɓa ganin inda aka ce idan ya kai kaza a kira?

Maman Iman: Abin da ke ciki kawai a gwada kafin karin kumallo. Babu lamba ko ɗaya.

Sista Rabi: Kin gani. Baƙuwar nas ta zo dare ɗaya, ba ta san matar ba, ba ta san cewa shirun nan ba halinta ba ne. Ke kika sani. Ba ina wanke ta ba ne, ya kamata ta duba kwanakin baya, duk wanda ke rajistar NMC, hukumar da ke kula da aikin nas-nas, ya san haka. Amma gidan da bai rubuta wa kowane mai suga iyakarsa ta ƙasa da ta sama da wanda za a kira ba, ya bar abin ga sa'a.

Ummi: Ni tambayata ta ɗan bambanta. A wurinmu akwai dattijon da metformin kawai yake sha, amma sau huɗu a rana ake huda masa yatsa. Yatsunsa duk sun yi baƙi, da ya hango inji sai ya ɓoye hannu a hammata. Kuma babu mai duba sakamakon. Wannan ba azabtarwa ba ce?

Dokta Sani: Ummi, wannan ma abin kai wa likita ne. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga, mai shan shi kawai kuma yana cikin lafiyarsa galibi ba ya buƙatar huda kullum, gwajin HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watanni, lokaci lokaci ya wadatar. Sau da yawa daga asibiti aka sallamo mutum da umarnin sau huɗu lokacin yana jin jiki, ya warke, babu wanda ya soke umarnin. Masu insulin da masu irin su gliclazide su ne ake sa wa ido.

Kuma ga tsoho mai rauni ba ma neman suga irin na saurayi. Matse suga sosai don gudun abin da zai taɓa ido ko ƙoda nan da shekara goma sha biyar ne. Mai shekara tamanin da biyar faɗuwar suga ɗaya na iya sa ta faɗi ta karya ƙugu a daren nan. Shi ya sa ake sassauta musu, HbA1c wajen 8%, wato 64 a lissafin Ingila, ba abin tayar da hankali ba ne a wurinsu. Idan na ga tsohuwa mai rauni a kan gliclazide da sakamako mai kyau ƙwarai, tsoro nake ji, ba murna ba.

Anti Hadiza: Haka mu ma ake ta fama a raba gidaje da tsohon tsarin nan na auna suga a yi allurar insulin gwargwadon lambar da aka gani, ba tare da wani tsayayyen insulin ba. Jerin Beers na magungunan da ake gudu ga tsofaffi ya sa shi a ciki. Amma har yau ana sallamo mana mutane daga asibiti da shi. Ummi, ki duba min kuma, abin huda yatsan kowa da nasa ne? An sha samun ɓarkewar ciwon hanta nau'in B a gidajen tsofaffi saboda amfani da abu ɗaya ga mutane da yawa.

Ummi: Na yarwa muke amfani da shi Anti, huda ɗaya a jefa a kwandon allura.

Yaya Kabiru: Tun ɗazu ina karantawa ban so in yi magana ba, amma bari in faɗa saboda duk hankali ya tafi kan faɗuwa. Shekara biyu da suka wuce a inda nake aiki a da, wani dattijo ya yi ciwon ƙirji aka sa masa prednisolone. Da safe kawai ake gwada shi. Wannan maganin kuwa idan an sha da safe, da rana zuwa dare yake tayar da suga, kafin asuba ya ɗan sauka. To lambar safe tana ta hawa a hankali, 11, 14, 17, kowa na cewa ai maganin ne, zai sauka idan ya gama. Mu masu kula mun ga kunzugunsa na cika fiye da kima, mun ga bakinsa a bushe, yana ta barci. Mun faɗa a wurin miƙa aiki, aka rubuta, aka wuce. Rana ta shida aka kasa tashinsa, aka gwada inji ya nuna HI. Wata sabuwar ma'aikaciya ma ta zata injin ne ya lalace. Yawancin injunan nan idan sun nuna haka suga ya wuce 33 ke nan. Aka kira 999, lambar agajin gaggawa. A asibiti suka ce ruwan jikinsa ya ƙare, jininsa ya yi kauri, abin da suke kira HHS. Ya yi mako uku, ya dawo amma bai sake taka ƙafarsa ba.

Har yau idan na tuna sai in ce da na tsallake kowa na je ofis da kaina a rana ta uku. Maman Iman, ki je.

Malam Auwal: Allah ya jiƙan na gaba, ya ba na baya lafiya. Kabiru, wannan ya taɓa ni. Ni ba cewa na yi a bar tsohuwa ta mutu ba. Cewa na yi ta san yadda za ta yi kada ta zama ita ce abin magana.

Sista Rabi: A nan mun haɗu, Malam. Ba ƙarar kowa za ta kai ba. Maman Iman, ki kira nas ɗin rana yanzu, kada ki jira sai kin koma da dare. Ki ce akwai abin da kika lura da shi a takardar wance kina so a duba kafin maganin yamma. Ki karanta mata lambobin uku da ranakunsu, ki faɗi maganar abinci. Sannan ki tura wa manaja gajeren imel da abu ɗaya, don ya zama a rubuce. Kada ki ambaci laifin kowa, lambobin sun isa. Idan aka yi biris, akwai sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukuma, akwai CQC, hukumar da ke binciken gidajen kula da tsofaffi, suna karɓar bayani ko ba ki faɗi sunanki ba, kuma dokar 1998 ta kare ma'aikacin da ya fallasa irin wannan. Amma ban jin za a kai can. Yawancin manajoji sun fi son su ji daga bakinki da su ji daga bakin mai bincike.

Hajiya Talatu: Ni ina Kano, 'yata ce ta sa ni a zauren nan. Mu ba mu da gidan tsofaffi, mu ne gidan. Surukata na wurina, tana shan Daonil shekara da shekaru, a kemis muke saya da tsohuwar takarda. Ina da littafin da nake rubuta awonta, amma gaskiya ban taɓa kai wa likita ba. Kwanaki da safe ta yi ta sambatu tana zufa, muka zata ko hawan jini ne, muka yi ta tofi muna yayyafa mata ruwa, sai da ta sha koko ta dawo. Yanzu da nake karanta ku jikina ya yi sanyi.

Dokta Sani: Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan hidima. Daonil shi ne glibenclamide, dangin gliclazide ne amma ya fi shi daɗewa a jiki, shi ya sa ake guje masa ga tsofaffi. Don Allah cikin makon nan a kai Mama asibiti da littafin nan da kwalin maganin, a gaya wa likita abin da ya faru da safen nan, a nemi gwajin ƙoda. Ki duba injinku ko da mg yake karantawa ko mmol, don a gida ana samun duka biyun. Idan ta sake yin haka a gwada nan take. In ƙasa da 70 ne, ko ƙasa da 4, kuma tana iya haɗiya, a dama suga cokalin shayi huɗu a ruwa a ba ta, a sake gwadawa bayan minti goma sha biyar, idan ya hau a bi da abinci. Idan ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, zai iya wucewa huhu. A kwantar da ita ta gefe a nufi asibiti. Kuma kafin azumi a yi wannan maganar da likita.

Hajiya Talatu: Na gode Dokta, in sha Allahu ranar Litinin za mu je.

Ummi: Sista, ga masu matsalar haɗiya fa, waɗanda ake kaɗa wa ruwa ya yi kauri?

Sista Rabi: Kada a ba su lemo tsararo. Shi ya sa akwatin faɗuwar suga ya kamata ya kasance da jel ɗin gulukos, kuma a rubuta a fayil ɗin mutum abin da za a ba shi tun kafin ranar ta zo. Ku riƙa buɗe akwatin nan kuna duba kwanan wata, na sha samun lemon ciki ya lalace ko an shanye ba a mayar ba. Lemon da aka rubuta babu suga kuma ba ya aiki, cakulan ma yana jinkiri saboda maiƙo.

Maman Iman: Na kira nas ɗin rana. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake karanto mata ranakun. Ta ce za ta kira GP yanzu kuma ba za ta ba da na yamma ba sai ta ji daga gare su. Na tura imel ɗin. Hannuna har rawa yake. Bari in ɗan kwanta.

Malam Auwal: Allah ya tsare, ƙanwata. Ki ajiye kwafin imel ɗin a wurinki.

Maman Iman: Salam, na dawo da labari bayan kwana biyu. GP ya tsayar da gliclazide a ranar, aka ɗebi jini, ya ce a riƙa gwada ta kafin barci da asuba na mako biyu. Yanzu a shafin farko na fayil ɗinta an rubuta ƙasa da 4 a yi magani a kira, sama da 15 sau biyu a jere a kira, da lambar rana da ta dare. An kira 'yarta an gaya mata, ta zo jiya, ranta ya ɓaci da ba a sanar da ita tun na farko ba, kuma tana da gaskiya. An sa ranar ganin likitan haƙori. Manaja ba ta ce min komai ba sai na gode a bakin ƙofa, amma na ga ta fito da fayil ɗin sauran masu suga su shida tana dubawa.

Anti Hadiza: Alhamdulillah. Yaya awon na yau?

Maman Iman: 7.2 da asuba. Da na zo huda mata yatsa ta fizge hannu ta ce hannuna sanyi kamar ƙanƙara, in je in ɗumama shi kafin in sake taɓa ta. Na je na ɗumama na dawo.